Ƙullutun da Yaya Ta Ƙi Nuna wa Likita

Yayata ta girme ni da nisa, don ita ta goya ni. Tana aure a Argungu, kuma sana'arta turara shinkafa. Takan sayo shanshera, wato shinkafa mai ɓawo, daga manoman fadama, ta jiƙa, ta turara a rabin duro, ta shanya, sannan ta kai inji. Ni kuwa ina Birnin Kebbi, a unguwar Gwadangaji, ina koyarwa a makarantar 'yan mata. Ni ce auta a ɗakinmu, kuma har yau da furfura a kaina ba ta kirana da wani suna sai Auta.

A wajen wani suna a Gulma na fara lura da tafiyarta. Mun sauka daga mota muna gangarawa gidan, sai na ga tana ɗaga gwiwar dama sama kamar mai ratsa taɓo, sannan tafin ƙafar ya faɗo ƙasa, fat. Kafin mu kai ƙofar gida silifas ɗinta ya fice ya fi a ƙirga.

"Yaya, mi ya samu ƙahwarki?"

"Takalmin ne ya saki. Na yanzu ba su da ƙwari."

Na cire nawa na ba ta. Taku kaɗan shi ma ya fice. Ta tsaya ta dube shi a ƙasa, ta dube ni.

"Ke ma an cuce ki," ta ce.

Da muka zauna a tabarma na ga wata ƙuna a bayan ƙafar, faɗin marfin kwalba, ta fara ruwa. Na tambaye ta. Ta ce garwashi ne ya faɗo mata a bakin murhu, ba ta sani ba sai da ta ji ƙauri. Ta faɗa tana dariya, tana miƙa hannu a ba ta waina. Ni kuwa abinci ya fita raina. A ce wuta ta ci naman mutum bai ji ba, kuma yana ba da labarin kamar abin ya faru ga akuyar maƙwabta!

A nan na ji cewa abin ya kwana biyu. Mijinta, mutum mai sanyin hali da ke noma da damina yana kamun kifi da rani, ya ce sanyin fadama ne ya shige ta. An kira wanzami ya yi mata ƙaho a idon sawu. An kai ta wurin mai ɗori ya ja ƙafar ya murɗa, ya ce targaɗe ne da ya kwanta. An shafa man kaɗanya, an ɗaura ganye. Kowa ya taɓa ƙafar nan a Argungu, ni kaɗai da ke zaune kusa da asibiti ba a gaya wa ba.

Na yi ta kiranta a waya ta zo a duba ta. Yau ta jiƙa shinkafa, gobe za ta turara, jibi akwai shanya. Da na ga abin ba mai ƙarewa ba ne, ran wata Asabar na shiga mota na je na zauna mata a tsakar gida, na ce ba inda za ni sai da ita. Ta haɗa kaya tana mita, wai na mai da ita yarinya a gaban mijinta.

Likitan da muka fara gani saurayi ne, bai wuce sa'ar ɗanta na fari ba. Mun sha layi tun safe, rana ta take kafin a kira mu.

"Sannu, Mama. Me ke damunki?"

"Da sauƙi, likita, alhamdulillahi."

"Ina ke miki ciwo?"

"Babu inda ke mini ciwo."

Na ji kamar in fasa ihu. Na ce, "Likita, ƙafarta ba ta ɗaguwa. Wuta ta ƙone ta ba ta ji ba."

"Ai ƙunar ta warke," in ji Yaya, tana hararata.

Ya ce ta ɗaga yatsun ƙafar sama, ta kasa. Ya ce ta yi murmushi, ta ɗaga hannuwa biyu, ta matse masa yatsu, duk ta yi lafiya lau, har ya yarfe hannu don matsar mai juya duro ce. Ya ce ta ɗan ɗage zani. Ta ɗage shi zuwa tsakiyar ƙwauri ta riƙe a nan gam, ta kau da kai. Ya jira kaɗan, ya dubi ƙofa inda mutane ke leƙowa, ya ƙyale ta. Aka auna jini, aka auna suga. Sugan lafiya, jinin ya ɗan hau. Ya ce bai ga alamar shanyewar ɓarin jiki ba tunda fuska da hannu ƙalau suke, amma wata jijiya ce ba ta aiki, kuma sau da yawa daga ƙashin baya abin ke tasowa. Ya tura mu hoton ƙashi, na baya da na idon sawu, ya ba ta maganin hawan jini.

Hoton bai nuna komai ba. Yaya ta karɓe shi ta ɗaga sama tana kallo kamar ta iya karantawa.

"Kin gani ko? Lahiyata lau. Ki kai ni tasha."

Na ce sai mun koma mun ji abin da likita zai ce. Ta zauna a gidana ba da son ranta ba, kuma ta tabbatar na san haka. Ta buɗe buhun shinkafata ta shinshina, ta ce ko kaji ba za ta watsa wa wannan ba. Ta sauya wa tukwanena wuri. Ta ce 'ya'yana ba su iya gaisuwa ba, sun tsaya ƙiƙam kamar sojoji. Kullum na dawo daga makaranta sai na tarar da sabon laifi yana jirana. Wata rana na dawo na tarar babu laifi, babu Yaya. Ta hau Keke zuwa tasha, ta bar sallahu wurin maƙwabciyata cewa shinkafarta za ta yi tsami.

Na yi fushi sosai. Na ce ba zan sake sa bakina ba, ƙafarta ce. Fushin bai kai ƙarshen mako ba na sake kama hanyar Argungu.

Na same ta da la'asar a inuwar darbejiya, ta miƙe ƙafafu, shinkafa shanye a gabanta tana korar kaji da doguwar sanda. Ba ta ko ambaci gudun da ta yi ba. Ta miƙo mini gwangwanin man kaɗanya ta ce in shafa mata tunda na zo. Babu namiji a gidan, don haka zanin yana sama da gwiwa. Na fara daga idon sawu ina murzawa ina hawa, ina zuba mata faɗa tana cewa uhm. Da hannuna ya kai gefen gwiwar ta waje, ƙasa kaɗan da mahaɗa, sai na ji na dafa wani abu. Ƙullutu ne kamar ƙwan zabo, sumul, ba taushi can ba, ba kuma tauri irin na ƙashi ba.

"Yaya, wanga hwa?"

Ta leƙa. "Wanga? Ai ya daɗe. Tun waccan damina."

"Tun waccan damina!"

"Awo. Wani lokaci ya tashi, wani lokaci ya kwanta. Ba ruwana da shi, ba ruwanshi da ni."

Na danna shi da babban yatsa. Ta zabura har sandar ta faɗi.

"Ke, bari! Kamar minjirya ta taɓa ni, har yatsu."

Duk wanda ya tashi a bakin gulbi ya san kifin nan da ke jan mutum kamar lantarki. Na sake dannawa a hankali, ta sake zabura, ta kai mini duka a hannu. Ƙafar da garwashi ya ci ba ta ji ba, ga shi ta ji wannan.

"Mi ya hana ki gaya wa likita?"

"Ya tambaye ni gwiwa? Ƙahwa ta kai ni, ba gwiwa ba."

"Ai ya ce ki ɗage zani."

"In buɗe cinyata gaban yaron da na haihi kamatai? Auta, ashe boko ya cinye miki kunya."

Na zauna daɓas a ƙasa. Na tuna layin da muka sha, da hoton bayan da aka kwantar da ita a kan ƙarfe mai sanyi aka ɗauka, da maganin hawan jinin da na tabbata yana cikin kwalla ba a taɓa shi ba. Duk wannan wahala, abin yana nan ƙarƙashin zani, tazarar yatsu kaɗan daga inda ta tsayar da hannunta. Bayan haushin kuma sai tsoro ya biyo. Wata gwaggonmu da ƙullutu ta fara, a mama, ita ma tana cewa ba ya ciwo, kuma shi ya yi ajalinta. Ban ambaci sunan ciwon ba, amma na ga Yaya ta daina korar kaji, tana kallon hannuna a kan gwiwarta. Da mijinta ya dawo daga masallaci na gaya masa. Ya ce shi ma bai taɓa sanin da shi ba. Ya ce mu tafi gobe, zai sa a kwashe shanyar.

Ranar da muka koma asibiti, ƙullutun ya zaɓi ya kwanta. Tun a gida na duba na ga ya koma kamar gurjiya. Yaya har da murna, wai ga shi nan ya ji tsoron asibiti, mu bar shi. Na ce ko ya koma ƙwayar gero sai an gan shi.

Allah ya taimake ni, mace muka samu a ɗakin, wata likita mai saurin magana da ba ta da lokacin kunyar kowa. Kafin Yaya ta gama cewa da sauƙi, na ce akwai ƙullutu a gwiwa. Likitar ta ja labule, ta ce, "Mama, hau gado, ɗage zanin nan har sama." Yaya ta hau ba musu. Likitar ta lalluba ta same shi, ta lanƙwasa gwiwar ta miƙe, ta ƙwanƙwasa wurin da yatsa. Yaya ta ambaci minjiryarta. Likitar ta bi ƙwaurin da tsinken auduga tana tambaya, nan fa, nan fa. Gefen waje da bayan ƙafa ba ta ji, tafin ƙafa kuwa tana ji har tana janyewa.

"Tun yaushe ƙafar ta daina ɗaguwa?"

"Kwana biyu," in ji Yaya.

"Watanni," na ce.

Likitar ta ce hoton ƙashi ba zai taɓa nuna irin wannan ba, sai sikanin. Ta tura mu.

To, ɗakin sikanin ɗaya ne, kuma ranar masu awon ciki ce. Aka jera mu a benci, Yaya mai jikoki a tsakiyar 'yan mata masu tura ciki gaba. Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Muna nan zaune sai ga wata maƙwabciyarta daga Argungu, ta rako matar ɗanta. Ta tsaya turus, ta dubi Yaya, ta dubi ƙofar ɗakin, ta riƙe haɓa.

"Ikon Allah! Ashe abin da ya sa kike ta zaryar Birni ke nan. To barka, Allah shi raba lahiya."

Na buɗe baki zan yi bayani, Yaya ta tsunkule ni a cinya. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Uhm, amin."

Da matar ta wuce na ce, "Yaya, kin san abin da kika amsa kuwa?"

"To in ce mata mi? In tsaya cikin mutane ina zancen cinyata?"

Ita a ganinta gara a ce tana da ciki da a ce an buɗe mata gwiwa. Kafin magariba mijinta ya kira ni a waya. Ya yi gaisuwa mai tsawo, ya tambayi yara, ya tambayi aiki, ya yi gyaran murya.

"Auta, wai wani zance nike ji cikin gari."

Na ce masa gwiwa ce, gwiwa kawai. Ya ce to, to, alhamdulillahi. Har yau ban san ko sauƙi ya ji ko akasinsa ba.

A cikin ɗakin kuwa, mai sikanin ya shafa mata wani abu mai sanyi ya ɗora na'urar a gefen gwiwa. A allon na ga wani baƙin wuri mai santsin baki a tsakiyar toka-toka. Ya ce baƙin nan ruwa ne. Da muka koma wa likitar da sakamakon, ta juyo da kujerarta ta fuskanci Yaya.

"Mama, wata 'yar jaka ce cike da ruwa mai kauri. Akwai ƙaramar mahaɗar ƙashi a gefen gwiwa, daga nan ruwan ke tsattsafowa ya taru, shi ya sa yake tashi yana kwanciya. Mutane da yawa suna da irinsa, a wuyan hannu ma ya fi fitowa, kuma ba ya hana su komai. Naki ne ya zauna a mugun wuri, a kan jijiyar da ke ɗaga ƙafa."

Na yi ƙarfin hali na tambayi abin da ke cina. Ta ce yadda ya fito a hoton, bai yi kama da ciwon daji ba ko kaɗan, amma idan an cire za a kai shi a gwada don a tabbatar. Na ce alhamdulillahi. Yaya kuwa abin da ta tsinta daban ne.

"Ruwa ne ashe? To wanzami ya huda shi mana, mu huta."

Likitar ta ɗaga yatsa. Ta ce ko su da allura suka zuƙe, yakan sake taruwa, balle a kai aska kusa da jijiya. Ta ce in aka yanke jijiyar nan, ƙafar ta tafi ke nan. Aiki za a yi, kuma kafin aiki sai an je Sakkwato an ɗauki wani hoto a babbar na'ura, don a ga inda saiwarsa ta nufa da yadda ya kama jijiyar. Ta ƙara da cewa kada mu yi jinkiri, jijiya ba ta son dogon danni.

Zuwanmu na farko Sakkwato aka ce na'urar ta tsaya, mu dawo. Yaya ta yi ta yi mini dariya a mota har Argungu, kamar ni na lalata ta. A zuwa na biyu aka karɓe mata 'yan kunne da zobe da abin wuya, ta ba ni tana gargaɗina kamar ta ba ɓarauniya ajiya. Aka ce ta kwanta kada ta motsa, aka tura ta cikin wani abu mai kama da rami. Ta motsa. Aka sake, ta sake motsawa, wai ƙaiƙayi. Mai aikin ya fito yana share gumi, ya ce in yi wa Allah in yi mata magana. Na shiga na ce, "Yaya, in kika sake motsi, wallahi nan za mu kwana." A karo na gaba shiru, har aka gama ba ta fito ba. Barci ta yi. Ta ce ƙarar irin ta injin shinkafa ce, ta saba.

Hoton ya nuna jakar da wani siririn wuya da ya haɗa ta da mahaɗar ƙashin, ga jijiyar a matse a gefenta. Aka sa ranar aiki. Sai da na sa mijinta ya rantse mini ba zai bar wanzami ya shigo gidan ba kafin ranar.

An yi aikin lafiya. Da ta farfaɗo, abin da ta fara nema shi ne a nuna mata abin da aka ciro. Likitan da ya yi aikin ya kawo shi a 'yar kwalba kafin a tafi da shi gwaji, wata 'yar fata da ruwa mai yauƙi kamar jiƙaƙƙen ƙaro. Ta daɗe tana kallo.

"Wanga ɗan abin? A kan wanga anka hana ni aikina?"

Gwaji ya dawo, ba daji ba ne. Ƙafar dai ba ta tashi nan take ba, kamar yadda aka gaya mana tun farko. Makonni suka wuce tana jan ta, tana gaya wa duk wanda ya zo dubiya cewa Auta ta sa an yanka ta a banza. Na haɗiye. Sai wajen kaka ta kira ni da kanta, abin da ba ta saba ba, ta ce babban yatsan ya motsa. Na yi kuka a ɗakin malamai, har wata ta tambaye ni ko rasuwa aka yi. Daga baya sauran yatsun suka biyo, ji ya dawo a bayan ƙafar, sai ɗan wuri da har yau take cewa kamar an shimfiɗa masa fata. Ba ta koma daidai yadda take da ba. Idan ta gaji takan ɗan ja ta. Likitan ya ce da an zo da wuri da ta fi haka, ya ce kuma a riƙa lura, don irin wannan yakan dawo. Zuwa yanzu bai dawo ba.

A sashen gashin ƙashi an koya mata motsa jiki, aka ba ta wata doguwar roba mai faɗi. Za ta zauna ta ɗaura ta a ƙafar gado, ta saƙala a bayan ƙafarta, ta riƙa jan yatsu sama, safe da yamma. An ce wannan ne zai ƙarfafa naman da ya kwanta. Kullum na tambaye ta a waya sai ta ce tana amfani da ita, ba ta fashi.

Da na je hutun makaranta na ce ta nuna mini yadda take yi. Ta ce in bari ta gama tankaɗe. Ta gama, ta ce in bari ta yi salla. Na shiga ɗakin ajiya ɗebo mana shinkafar tuwo, sai ga robar asibiti an ɗaure bakin buhu da ita, an yi mata ƙulli biyu. Na kwance ta na fito da ita a hannu.

"Yaya, wagga ce robar da kike amfani da ita kullum?"

"To ba amfani nike da ita ba? Ki mai da ita inda kinka ganta, kada ɓera ya shiga."

Na samo igiya na ɗaure buhun. Na jawo kujera 'yar tsugune na zauna a gabanta, na saƙala mata robar a ƙafa na riƙe ɗaya bakin da hannuna, na ce ta ja. Ta ja, tana gaya mini cewa igiyar da na ɗaura ba za ta kwana ba.